Guron Kawu

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma a ƙauyenmu, can kan duwatsun da ke tsakanin Buza da Tabotaki, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Kunya ce, haka aka taras. Amma Inna ta kai abin inda har tsofaffin garin suna cewa ta cika. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar babana. Gida ɗaya ne, tsakar gida ɗaya, amma in Inna tana son in kori awaki sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Hwaɗa ma wancan shi kori awakin ga." Ga ni tsaye kusa da ita, har inuwarmu tana haɗuwa. Ni ne wancan.

Ba zan ɓoye ba, abin yana cina. Ƙannena suna hawa cinyarta, ta zage su, ta make su, ta ba su ƙanzo a baki. Ni ko zagin ban samu ba. Har na yi gemu ina tambayar kaina, shin matar nan tana sona ne tana ɓoyewa, ko kuwa ba ta sona ne ta samu al'ada ta fake a bayanta? In na kai ƙara wurin kakata sai ta yi dariya ta ce, "Kai, mijin banza, ga ni ina sonka kana biɗar wata?"

In kana son ka ga Inna a cikin mulkinta, to ka zo lokacin shanya. A ƙasarmu ɗanyen abu baƙo ne, wata biyu uku ya wuce, sauran shekara kuwa abin da mace ta busar shi ne miyarta. Inna ba ta wasa da wannan. Da rani, in ƴan garka sun cire albasa a fadama, sai ta ɗauki jaki ta gangara ta kwaso lawashi, ganyen albasar da wasu ke barin dabbobi su ci. Ta daka shi a turmi, ta dunƙula curi-curi, ta jera a kan falalen dutsen da ke bayan gidanmu. Shi ne gabu. Kwana da kwanaki gidan yana warin albasa, tufafinmu suna wari, har malamin lakkol, makarantar boko, ya taɓa tambayar ƙanena ko a cikin buhu yake kwana. Tumatir kuwa ta tsaga shi biyu, ta kwantar da shi cikinsa yana kallon rana, sai ya motse ya yi baƙi-baƙi ya zama kauɗa. Da damina ga sure, ga tafasa, ga malohiya, duk ganyen miya, su kuma a inuwa take shanya su, wai rana tana sace musu launi.

Amma sarkin shanyarta shi ne kuɓewa, wadda mu muke ce wa guro. Tana da ƴar gonarta a gindin tudu inda ruwa ke kwanciya, nan take shuka shi. Ba ta bari ya ƙosa. Da sassafe take tsinko ƙananan, ta karya bakin kowane da yatsa, wanda bai karye ƙas ba ta jefa wa akuya. Sai ta zauna ta miƙe ƙafa da wata ƴar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, ta yanka shi sirara, ta baza a tabarma a kan rumfa. Ba ta fitar da shi sai raɓa ta ɗauke, ba ta barinsa ya kai magariba. In hadari ya taso daga gabas, kai, ranar za ka ji muryar Inna har masallaci, kowa a gidan sai ya yi gudu. In ya bushe sai ta damƙo shi ta girgiza kusa da kunnenta, in ya yi ƙaras-ƙaras ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka.

Ni kuwa mayen miyar guro ne, kowa ya sani. Kuma ba na son wanda aka daka ya yi laushi kamar gari, na fi son a ɓarza shi sama-sama yadda haƙori zai samu abin tauna. Sauran ƴan gidan lallausa suke so, don haka lallausa ake yi. Ban taɓa samun nawa ba sai in kakata ta ji tausayina.

Shekarar da na isa tafiya biɗa, wato cirani, bayan an kai gero rumbu, sai aka ce in bi ƴan garinmu zuwa Abijan. Ina da kawu a can, ƙanen Inna, wanda ya tafi tun ina rarrafe bai dawo ba. Kwanakin nan Inna ba ta zauna ba. Ta buɗe tulunanta, ta yi daka, ta yi ƙulle-ƙulle cikin tsummoki, ta haɗa duka a cikin wani buhun gishiri ta ɗinke bakinsa. Ina satar kallo, zuciyata fari ƙal, ina cewa yau dai asirin matar nan ya tonu.

Ranar tafiya da safe ta jawo buhun ta jingine a bakin zaure, ta dubi ƙanwata.

"Hwaɗa ma wancan, saƙon kawunku na. Shi kai mishi. Kas shi bari ruwa shi taɓa shi."

Na ce wa ƙanwata, da ƙarfi don a ji, "Tambaye ta, shi mai ɗaukar kayan ba a ba shi komi?"

Inna ta ce, "Hwaɗa mishi Allah shi kiyaye hanya." Ta shige ɗaki.

Wallahi na yi fushi. Na ɗauki buhun nan kamar in jefa shi a rijiya. Daga Buza zuwa Madawa a bayan kamyo, babbar motar kaya, ina zaune a kansa don mugunta. Muka bi Ƙonni, muka bi Yamai, muka shiga jirgin ƙasa a Wagadugu, ko'ina warin gabu yana bina, mutane suna matsawa suna toshe hanci. Wani jandarma a kan iyaka ya soka masa ƙarfe, ya sansana, ya yi atishawa, ya ce in kwashe tsiyata in wuce. Duk wannan wahalar saboda wani ƙato da ban ma san fuskarsa ba.

Na samu kawu a unguwar Ajame, a wani ɗaki da ƴan yankinmu na Adar suka cika kamar buhunan albasa. Mutum ne gajere mai dariya, yana da teburin shayi da burodi a bakin tasha. Bayan gaisuwa na tura masa buhun da ƙafa na ce, "Ga saƙonka, in ji Inna."

Ya farke ɗinkin ya fara fitarwa. Gabu ƙulli ɗaya, ya ji daɗi. Kauɗa da tonka, wato barkono, ya sa albarka. Daga nan kuma sai guro. Ya kwance ƙulli, guro. Ya kwance wani, guro. Fiye da rabin buhun guro ne. Kawu ya tsaya yana kallo, sai ya fashe da dariya har ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki.

"Yaya ta ce nawa na?"

Na ce haka ta ce.

"Kai yaro, ni da guro? Tun ina goye a bayanta in na ga yauƙi sai amai. Ita ta raine ni, ta sha duka wurin tsohuwarmu don ta ɓoye ni ranar miyar guro. Duk duniya babu wanda ya san haka kamarta." Ya ɗebo a tafin hannu ya miƙo mini kusa da fuska. "Duba dakan. Wa ke cin shi haka a gidanku?"

Na duba. Ɓarzajje ne, sama-sama, duk buhun.

Kawu ya ce, "Sakarai. Ka ɗauko abinka a kai tun daga Adar kana zaginta a zuci, ko ƙarya nake?"

Na fita bayan ɗakin na tsaya ina kallon kwata, ina jin kunya da daɗi sun cakuɗe mini. Ranar na yi tuwon masara da kaina na kaɗa miya, na ci har na kasa tashi.

Sai dai Inna ba ta san Abijan ba, ni ma ban san shi ba. A wurinmu abin da ya bushe ya bushe ke nan, ko shekara ya yi a tulu. Can kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Ba a jima ba guron ya fara laushi yana dunƙulewa. Sai na yi abin da na ga ana yi a gida, na hau kwanon ɗakin na baza shi a rana na tafi talla hankali kwance, tunda kaka ta wuce, wane ruwa kuma? Da azahar sama ta ɓalle. Na yo gudu daga kasuwa, na tarar yauƙi yana zuba ta indararo, ƴan ɗakinmu suna tsaye suna dariya, wani yana cewa a kawo tuwo a tara. Ƙulli biyu suka tafi a haka, na kusa kuka. Sauran kawu ya nuna mini in zuba a gwangwanayen madara in danne murfi, in kuma daina rowa, don ƙasar ba ta ajiya. Dole na riƙa kaɗa miya da yawa ana ci tare, ina kallon kowace loma da ke shiga bakin wani.

Da damina ta kusa na koma gida noma. Na gaida kowa, na raba tsaraba. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanwata, "Tambayi wancan, kawunku ya samu saƙo?"

Na ce, "Hwaɗa mata ya samu. Ya ce bai taɓa cin guro mai daɗin wannan ba. Har kwano yake suɗewa."

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ta san na sani, na san ta sani. Ta ja gyale ta rufe baki ta ce, "Hwaɗa mishi baɗi a ƙara ma kawun."

Haka muka yi shekaru. Kowace kaka buhun kawu yana ƙara nauyi, kowace damina ina kawo godiyar kawu, har da ƙorafinsa, wai bana tonka ya yi kaɗan. Baɗi sai tonka ya ƙaru.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gari ya fara watsewa tun kafin kaka. Babana da ƙannena maza suka kora ƴan bisashenmu kudu. Kakata ta rasu tun bara. Ƙanwata tana gidan mijinta a wajen Keita, matata kuma ta tafi gidansu haihuwa. Kawu ma ya tattaro ya dawo Madawa da zama, kowa ya sani. Gidan ya rage daga ni sai Inna, muna kewaya juna kamar baƙi, in tana da magana sai ta faɗa wa kaji. Gonarta ta gindin tudu ko tsiro ba ta yi ba. Amma na lura da wasu ƴan tushen guro a bayan ɗakinta, ta kewaye su da ƙaya, tana ba su ruwan da ta yi alwala da na wanke kwano. Rijiya kuwa a lokacin sai an yi sammako an bi layi. Abin da take tsinka bai cika tafin hannu ba, ta yanka, ta shanya a faifai, ta zauna kusa da shi da sanda saboda kaji.

Ranar da zan tafi Abijan na ɗaure jakata na tsaya a tsakar gida. Inna ta fito da ƙulli ɗaya, ɗan ƙarami, a bakin tsohon zanenta da ta yaga. Ta tsaya. Ta dubi ƙofar ɗakin kakata, a rufe. Ta dubi zaure, babu kowa. Ta leƙa ta kan darni ko za ta ga ɗan maƙwabta, su ma sun tashi. Babu wanda za a ce ya faɗa wa wancan, babu kuma wanda za a ce saƙonsa ne. Tausayinta ya kama ni, na ce bari in sauƙaƙa mata, na dubi bango na ce, "In akwai saƙon wani, a aje bisa turmi, a ɗauka."

Ba ta aje ba. Ta tako har gabana, tsohuwa ƴar guntuwa da ban taɓa sanin na fi ta tsawo haka ba, ta ɗago ta dube ni.

"Ungo," ta ce. "Naka na. Kak ka ba kowa."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ƙato da ni, mai jiran haihuwa, na ƙanƙame shi kamar yaro. Ita ma ba ta saki ƙullin nan da nan ba, muka riƙe shi tare.

"Ka rame," ta ce. "Ka riƙa ci."