Ranar da Kawu Ya Raka Ni Sayen Babur

Tun safe na kasa zama. Ɗana ya tafi sayen babur ɗinsa na farko, ya kuma ce kada in raka shi.

Marigayi Kawu nake ta tunawa, wanda ya raka ni sayen nawa a Ƙofar Atiku. Wani babban ja na haye, sabo fil yana ƙamshi. Kawu ya dubi ƙafafuna suna lilo, ya ce, "Sabko, wanga ya hi ƙarhinka. Sai wanda ƙahwarka ta kai ƙasa."

Ƙarami muka ɗauka, ina ta kumbure-kumbure. Da kansa ya ɗaura min hular kwano, yatsunsa masu kaushi a ƙarƙashin haɓata, ya ja igiyar har na yi tari. Ban yi masa godiya ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa.