Anti Sikeli da Ɗan Ragon da Aka So Yankawa

Kullum da safe, kafin a saki tumaki, za ka ga Anti Sikeli a bakin garke da takalmin roba, tana ɗora 'yan raguna a kan ma'auni. Daga nan sai ta shige ɗan ɗakinta da ke jikin ma'ajiyar dusa, ta zauna gaban kwamfuta har azahar. A wannan watan za ta ajiye aiki. Ni da nake ba ƙananan dabbobi abinci a gonar, har yau ban gama gane abin da take yi a ɗakin nan ba.

Abin da na sani shi ne tambayarta. Ko wane ɗan rago aka kawo, sai ta ce, "Wa ta haife shi? Wa ta shayar da shi?" Na daɗe ina zaton tambaya ɗaya ce take maimaitawa.

Wata shekara aka tashi zaɓen ragon da za a bari ya yi barbara. Manaja ya nuna Tulu, wanda ya fi kowa ƙiba. Shi kuwa Kunnuwa, marayan da na fi shaƙuwa da shi, aka ce a kai wa mahauci. Ni kuwa ina tsaye riƙe da bokiti.

Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙibar Tulu ba tasa ba ce. Uwarsa ce mai nono, kuma shi kaɗai ya sha."

Manaja ya yi dariya. "Anti, wannan da iska ke kayarwa za ki ba mu? Kunne za mu sayar?"

"Wata tsohuwar tunkiya ce ta raine shi tare da nata ɗan. A hakan ma ya kai nan. Na duba nauyin 'yan ubansa da na kakanninsa, na cire rabon mai shayarwa. Abin da ya rage, shi zai gadar wa 'ya'yansa."

Yadda ake cire nono daga jikin ragon da ya riga ya sha, wallahi ban fahimta ba. Manaja ma ya jima yana sosa ƙeya, sannan ya ce a bar Kunnuwa. Da 'ya'yan Kunnuwa suka taso, sai da mutum biyu suke ɗaga wasunsu zuwa ma'auni.

Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma ban san mahaifiyata ba, Goggo ce ta raine ni. Wata rana na daure na ce, "Anti, wannan kunyar tawa fa, ta wace ce a cikinsu?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "'Yata, injina bai kai nan ba. Amma a lissafina, mai raino tana da gurbinta daban. Ba na taɓa share ta."

Anti, ke ce mai ware wa kowace uwa haƙƙinta. Ke ce kika hana a yanke wa maraya hukunci da ramarsa. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu zuwa bayanki, don Allah kafin ku nuna wa mahauci rago, ku tambayi wadda ta shayar da shi.

Lissafin dai har gobe ban iya shi ba. Amma ranar da na koma gida, na karɓi tsintsiya daga hannun Goggo, na kira ta Inna.