Takardar da Ba Ta Ambaci Mata Ba

Ina cikin shekarata ta biyu a Riyad aikin fassarar ya zo mini. Maigidana ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, sashen fasfo, ni kuwa na baro ajin da nake koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Katsina na biyo shi. Ikamata, wato katin izinin zama, a ƙarƙashin tasa take, ba ta ba ni damar neman aiki ba. Da safe motar makaranta ta kwashe yara, shi ma ya fita, sai a bar ni da gurnanin na'urar sanyaya ɗaki a gidanmu na unguwar Badi'a. Nakan sake goge kicin ɗin da na riga na goge. In buɗe taga, zafi ya mare ni, in rufe. Akwai ranar da na sauya wa kujerun falo wuri sau uku kafin azahar.

Wata ƙawata ta jami'a ce ta haɗa ni da wata ƙungiyar lafiya a Turai da ke neman masu fassarar sa-kai. Na karɓa hannu bibbiyu. Na fassara musu takarda kan ciwon suga, da wata kan wanke hannu. Ta uku ita ce kan gwajin sankarar bakin mahaifa, shafi biyu kacal. Na karanta ta har ƙarshe, na ji wani abu bai zauna mini ba, na koma farko da fensir a hannu. Babu kalmar mace a cikinta ko sau ɗaya. Duk inda ya kamata a ce "mata", sai a ce "mutanen da ke da bakin mahaifa".

Na ɗauka salon Turancinsu ne. Na rubuta "mata" a ko'ina na tura.

Bayan kwana biyu takardar ta dawo, an ja layi a ƙarƙashin kowace "mata". Editar ƙungiyar, wata budurwa mai sanyin murya, ta kira ni ta bidiyo muka yi magana da Turanci. Ta yi mini bayani a natse. Ta ce akwai waɗanda aka haifa da jikin mace amma ba sa kiran kansu mata, su ma sankarar tana kama su, kuma da yawansu ba sa zuwa gwaji saboda suna jin takardun ba da su suke ba. Ta ce ta san wani da ya mutu a haka. Ban ji ƙarya a muryarta ba.

Na ce mata na fahimta, amma waɗanda za su karanta Hausar nan yawancinsu ba su taɓa jin sunan wannan sashen jikin ba. Na tambaya ko za a iya haɗa duka biyun. Ta ce ƙa'idar ƙungiya ce, ba ita ta kafa ba, ta kuma ba ni haƙuri. Na gyara yadda suke so na tura, sannan na tashi na wanke labulen da ba su yi datti ba.

A satin ne na je asibiti da ƙaramar 'yata, na haɗu da Anti. Haka kowa ke kiranta a cikin 'yan Najeriyar da na sani. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Jos, ta yi shekaru da yawa tana aiki a Ingila kafin ta dawo Riyad. Ta girme ni nesa ba kusa ba, tana tuƙa motarta da kanta, tana kuma yin magana kamar mai ba da magani, daidai awo. Na ba ta labarin takardar don in yi ƙorafi kawai. Ba ta yi mamaki ba.

"A can na baro wannan rigimar," in ji ta. "Suna da sunan da suke kiran irina, wasu da yabo, wasu da zagi. Ni dai tun ina budurwa nake faɗa a kan haƙƙin mata. Abin da nake cewa, mace jiki ce tun kafin a zo maganar suna. Jikin ne ke haihuwa, shi ke zubar da jini, saboda shi ake taka mu."

Na tambaye ta ko ta shiga zanga-zanga a can.

"Ni? Ina da yara uku da lasisin aiki. Biro nake yawo da shi a aljihu. In na ga takarda a bangon asibiti, in ƙara kalmar "mata" da hannu, ƙarama, in wuce. A taro in tambaya, su wa ake nufi a nan? Shi ke nan." Ta gyara zaman gilashinta. "Kuma ki ji ni da kyau, ƙanwata. Na yi jinyar irin waɗanda editarki ke faɗa. Na kira su da sunan da suke so, na riƙe musu hannu. Ba na ƙin kowa. Amma kin gwada takardar a kan masu ita?"

Ban gwada ba. Abin ya ba ni kunya, ni da na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai su karanta rubutunsu da ƙarfi kafin su miƙa.

Akwai wata dattijuwa 'yar Maradi da nake sayen daddawa da kuka a wurinta a unguwar Utaiƙa. Ranar Juma'a bayan la'asar mata 'yan Nijar kan taru a ɗakinta, masu aikin gidaje da masu shara a makarantu, ranar ce kaɗai hutunsu. Na roƙe ta ta bar ni in zo in karanta musu wani abu. Ta ce, "Bismilla, Malama, ɗaki naki ne."

Mu tara ne a ɗakin, da fanka ɗaya da tiren dabino. Na karanta a hankali: ana shawartar duk mutanen da ke da bakin mahaifa su je gwaji. Na kai ƙarshe na ɗaga kai.

Dattijuwar ta ce, "Allah shi raba mu da shi. Wanga bakin mahaifa, daga mi ake kamuwa da shi?"

Ta ɗauka sunan cutar ne. Wata ta ce tunda an ce mutane, ke nan har da maza, za ta gaya wa mijinta. Aka yi dariya, ni ban iya yi ba. Sai wata da ke zaune kusa da ƙofa, doguwa, 'yar Damagaram, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malama, ni ban san ko ina da shi ba. An yi mini aiki wajen haihuwar ɗiyata, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba a gaya mini abin da aka taɓa ba. Tun daga nan ban sake ganin al'ada ba, aka ce sanyi ne ya shige ni."

Na ajiye takardar na yi musu bayani da bakina, yadda zan yi wa ƙannena. Na ce kowace mace, in dai ta yi aure ko ta kai shekaru kaza, da ita ake. Nan take tambayoyi suka ɓarke. Yana da zafi? Mace ce za ta duba? Sai uwar ɗakina ta sani? Ban san amsar rabinsu ba.

A taksi na kira Anti, tun kafin in isa gida. Na ce mu buga tamu takardar mu raba. Da na faɗa wa maigidana bayan cin abinci, ya ajiye cokali.

"Nan ba gida ba ne," in ji shi. "Ba a raba takarda a titi a ƙasar nan, ko ta maganin ciwon kai ce. In aka tambaya, ni za a tambaya, daga ni sai ofis."

Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Kwana biyu ina amsa masa da e da a'a. Anti ce ta warware, ta ce ai ko mun buga, nawa ne a cikinsu ke karanta boko? Murya za mu ɗauka a waya.

A cikin motarta muka yi, a wurin ajiye motoci na asibiti, gilashi a rufe. Ita ta tsara abin da za a faɗa, ni na sa shi a Hausar da kowa zai ji. Sau bakwai muna sakewa. Sau ɗaya na yi tari, sau ɗaya motar ɗaukar marasa lafiya ta wuce, sau ɗaya muka yi gardama kan ko a ce "gaba" ko a ce "ƙasa". Saƙon bai kai minti uku ba. Ya fara da "Ya ku mata 'yan'uwana", babu sunana, babu na Anti, babu na wata ƙungiya. Na tura wa dattijuwar ita kaɗai na ce ta tura wa wadda ta ga dama.

Daga nan na kasa zama. Ina duba waya ina tuya, ina duba waya ina jiran yara a bakin ƙofa. Na rubuta wa editar doguwar wasiƙa, na ba ta labarin ɗakin Utaiƙa kalma da kalma, ban sa zafi a ciki ba. Na goge, na sake rubutawa, na tura. Shiru har wata guda. Da amsar ta zo, layi huɗu ce. Ta gode, ta ce ta kai maganar gaba, an yarda a sa "mata" a kanun takardar Hausa kawai, sauran ya zauna yadda yake. Ba su sake turo mini aiki ba. Har yau ban san ko saboda wasiƙar ce ko aikin ne ya ƙare.

Saƙon muryar kuwa ya yi tafiyar da ban aike shi ba. Wata gwaggona a Katsina ta turo mini shi ta ce in saurara, yana da amfani. Ba ta gane muryata ba. Amma an ɗora masa wani abu a gaba, muryar wani namiji yana ta faɗa, wai ga yadda Turawa ke son lalata mana mata, yana tsine wa mutanen da bai taɓa gani ba. A cikin saƙona babu inda na ambaci Turawa. Wata ce daga cikin waɗanda na ba labari ta kai masa, ko wace ce, ban sani ba. Na kira Anti raina a ɓace.

"Haka suke yi," ta ce. "Mutumin da bai taɓa raka matarsa awo ba, yau shi ne mai kare mata. Ki tura wa gwaggonki na asalin, ki ce ta goge wancan."

Na yi hakan. Na kuma bi mutum shida da na san ya kai gare su, ɗaya bayan ɗaya.

'Yar Damagaram ta kira ni ana saura sati biyu azumi. Ta ce uwar ɗakinta ta ba ta rabin yini, tana so in raka ta, Larabcinta na kasuwa ne, ba zai isa gaban likita ba. Anti ta samo mana wata likita mace a wani ƙaramin asibiti. A ɗakin jira ta gaya mini cewa mijinta yana wankin motoci a nan Riyad, kuma duk shekarun nan tana shan jiƙe-jiƙen da ake aiko mata daga gida, ko Allah zai sa ɗiyar ta samu ƙane.

Likitar ta duba ta, ta sa aka yi hoton ciki, sannan ta juyo gare ni ta yi bayani da Turanci. An cire mahaifar gaba ɗaya tun a wancan aikin. Ta ce mai yiwuwa jini ne ya ƙi tsayawa, aka yi haka don a ceci ranta.

Na tsaya ina neman hanyar da zan bi. Na fara cewa likita ta ga wasu abubuwa da suka canza a jikinki. Ta katse ni.

"Malama, ki faɗa mini yadda kika faɗa a saƙon waya."

Na ce, "An cire miki mahaifa tun ranar da kika haifi ɗiyarki. Ba za ki sake haihuwa ba. Ba sanyi ba ne, kuma ba laifinki ba ne."

Ta daɗe tana kallon hoton da ke kan allon, wanda ni ma ban gane komai a cikinsa ba. Ta ce Alhamdulillahi. Ta tambaya ko mijinta ya sani tun a lokacin, tunda shi ya sa hannu a takardar aikin. Likitar ta ce ba ta da hanyar sanin wannan. Na fassara.

Da muka fito na ce ta zo gidana ta huta kafin lokacinta ya cika. Ta ce a'a, a sauke ta a unguwar Dira, tana so ta zaga kasuwa ita kaɗai. Na tambaye ta ko za ta yi wa mijin maganar.

"Sai bayan salla," ta ce. "Ina so in yi azumina tukuna."

Ta sauka kusa da shagunan turare, ta gyara abayarta, ta shiga cikin mutane. Direban taksin ya tambaye ni ina muka nufa. Na ce ya bi ta Utaiƙa, akwai mata biyu da suka ce in zo in sake yi musu bayanin gwajin, ɗaya tana tsoron allura.