Gidajen da Oga Ya Haɗe

Har gobe ban manta da ranar da sunayen yaran tungayen masuntan Ngaski suka ɓace mana ba. Kebbi ba ta daɗe da zama jiha ba a lokacin. Ni mai buga takardu ne a sashen lafiya, an ɗauke ni daga tafireta an zaunar da ni gaban kwamfuta ɗaya tilo da muke lulluɓewa da zane kamar jaririya.

Ga wanda bai sani ba, shafin da ake aiki a kai gida-gida yake, kamar gurbin dara. Ana iya haɗe gidaje su koma ɗaya, ana iya raba su.

Malama Ladi, jami'ar rigakafinmu, ta yi makonni cikin kwale-kwale tana rubuta yaran masunta da aka yi wa allurar farko, kowa da sunan ubansa, don a nemo su a yi musu ta biyu. Masunta kuwa ruwa na cikowa sun tashi, sai da suna ake cigiyarsu. Na shigar da komai. Takardunta masu ƙarnin kifi Oga, shugaban sashenmu, ya sa aka ƙone, wai kwamfuta ba ta mantuwa.

Oga mutum ne mai son ƙawa. Ina fita sallar azahar ya haye kujerata. Ya ga sunan kowace tunga yana ta maimaituwa a layi, abin bai yi masa kyau ba, sai ya ce bari ya haɗe. Garin ja, ya haɗa har da gidajen sunayen yara. Na'ura ta yi masa gargaɗi da Turanci, ya danna ya wuce, ya adana, ya kashe.

Na dawo na kunna. Kowace tunga ta koma ƙaton gida ɗaya, ba komai ciki sai sunanta.

Na ce wa Oga, "Ranka shi daɗe, ina yaran sunka tafi?"

"Suna ciki mana. Raba ka gani."

Na raba. Gidajen suka dawo reras, amma wayam. Ashe in an haɗe, abin da ke gidan farko kaɗai ke tsira. Wallahi sai da na leƙa bayan na'urar, don hankalina ya ƙi ɗauka.

Malama Ladi ta shigo ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam Sani, iyayen ga sun yarda da ni."

Washegari ta koma ruwa. Ta samu wasu daga cikin yaran. A tunga guda kuwa duwatsun murhu kaɗai ta tarar, kuma har ta yi ritaya ba ta daina tambayar masu jirgi labarin yaran tungar ba.

Shi ya sa, ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, nake muku tsawa in na ga kun kai hannu za ku haɗe gidaje don shafi ya yi kyau. Ku fara duba abin da ke ciki, ɗan wani ne.