Rigunan da Talatu Ta Ɗinka wa Bayin Babila

Talatu tela ce a unguwar Bolewa. Keken mijinta ta gada bayan rasuwarsa, da shi ta ciyar da yaranta. Ba ta da yawan magana, amma in ta ga zare ya zazzago a rigar mutum, ko a gidan biki ne, sai ta zaro almakashi daga jaka.

Maƙwabciyarta Maman Ene malamar asibiti ce, 'yar Binuwai. 'Yarta Ene a gindin keken Talatu ta girma tana rera waƙoƙin coci, har muryar ta kai ta Turai. Wata rana ta bugo waya, ta ce za su yi opera, wani tsohon wasan Turawa da ba a magana a cikinsa sai waƙa, a kan Bani Isra'ila da aka kwashe bayi zuwa Babila. Mai shirya wasan yana son tufafin mutanen yau, ita kuwa ta ce masa ta san tela.

Talatu ta ture ɗinkin Sallah gefe, ta zaɓo atamfa da kanta a kasuwa, ta goge kowace riga kafin ta ninke ta aika.

Da bidiyon ya iso, Maman Ene ta shigo da waya bayan la'asar. A bidiyon, sojoji da bindigogi suka koro wasu mata cikin shingen waya, kowace da jarka a hannu. Talatu ta gane wuyan rigar farko. An yage hannunta, an shafe ta da laka da toka. Ta biyu an babbake gefenta da wuta. Ene kanta ta fito cikin shuɗiyar da Talatu ta fi wahala a kai, a tsage har gwiwa.

Talatu ta dafe ƙirji. Turawa suka miƙe suna tafi.

"Maman Ene, laifin me na yi musu?"

Maman Ene ta ce ai bayi ne, haka labarin yake. Talatu ta ce ko bawa yana da allura.

Kwanaki ba ta taɓa keke ba. Da Ene ta sake neman ɗinki, Talatu ta karɓi wayar da kanta.

"'Yata, in dole sai an yaga, ni zan yaga. Ta kan ɗinki, yadda zai gyaru."

Haka aka yi. Ranar da za ta yaga kuwa, sai da ta rufe ƙofar shago.