Ƙafafun Hananiya

Tsakanin Kura da Bunkure, in ka tambayi Hananiya mai ban ruwa, wataƙila a yi ɗan jim. Amma in ka ce Ga-ni-nan, har yara za su raka ka ƙofar gidansa. Daga bakinsa sunan ya fito, don ba a taɓa kiransa ya amsa da wata magana ba. Yana saurayi ya taso daga Kagoro da niyyar ya yi kakar tumatir ɗaya, ya sayi keke, ya koma. Keken ya tsufa ya mutu, shi yana nan, da mata da 'ya'ya huɗu. Aikinsa shigar da ruwan kanal, wato babbar magudanar ban ruwa, gonakin mutane: ya buɗe nan da fartanya, ya toshe can da dunduniya, tun safe har la'asar yana tsaye cikin laka.

Ƙafar da ta shekara ashirin da biyu cikin laka kuwa abar kallo ce. Faso ya tsattsaga ta, har matarsa Lai'atu ta rantse akwai ƙwayar shinkafar da ta taɓa tsira a ciki. Babban yatsan yana kallon Kadawa, ƙaramin yana kallon Zariya.

A 'yar cocinsu shi ne mai shara, shi ne mai gyaran benci, shi ne mai buga tsohon ƙarfen mota da ake yi wa laƙabi da ƙararrawa, kuma ba wanda ya naɗa shi. Duk ranar Alhamis Mai Tsarki Fada Abel yakan zo daga Kano ya durƙusa ya wanke ƙafafun maza goma sha biyu, don tuna yadda Yesu ya wanke na almajiransa. Shekara goma sha huɗu Hananiya ne mai ɗebo ruwan, shi ne mai riƙe daro. Saboda haka ya san sirrin abin: ba mai kawo wa Fada ƙafa mai datti. Mako guda ake yi ana gurza, Lucky mai kemis ma har hoda yake barbaɗa wa tasa. Bokiti ɗaya yakan ishi mutum sha biyu, har a rage wa kaji.

A shekarar 2005 katikis, mataimakin Fada, ya karanta sunayen waɗanda za a wanke wa ƙafa, na bakwai ya ce Hananiya. Mutumin ya waiwaya yana neman wani Hananiyan. Da aka tashi ya bi katikis har gida yana roƙon a cire shi, wai wa zai riƙe daro. Aka ce an sami mai riƙewa. Gaskiyar magana tsoro ya ji. Ya yarda ya kwashe bayan gidan coci, amma ya miƙa wa Fada wannan ƙafar a gaban jama'a, wannan kam kunyar ta fi ƙarfinsa.

Lai'atu kuwa guɗa ta rangaɗa, ta aika wa ƙanwarta saƙo har Kafanchan, sannan ta dubi ƙafar ta ce wannan ba za ta tona mata asiri ba. Kwana tara aka yi ana yaƙi. Ruwan ɗumi da gishiri, dutsen goge kaushi, man kaɗanya, safa, a bi da leda a ɗaure. Gona ma da takalmin ruwa na aro yake zuwa, manoma suna yi masa sannu, suna tambaya ko aiki aka yi masa a asibiti. Ran Laraba da ta kwance ledar ta gani, sai da ta kira maƙwabciya ta zo ta shaida.

Ran Alhamis ta riga shi fita, don ƙungiyarsu ta matan zumunta ce za ta yi waƙa a coci. Kafin ta tafi ta ja masa kunne.

"Baban Fibi, yau ko wa ya kira ka, ba ka ji ba."

Ya yi alkawari. Da la'asar ya bi gefen kanal da farar riga da takalmi sau-ciki, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Sai ga gonar Dattijo, tsohon da ya ba shi ɗaki a zaurensa shekarar da ya zo baƙo. Bakin magudana ya ɓalle, ruwa yana kwarara cikin albasar da saura kwana uku a cire, wadda in ta sha ruwa ruɓewa za ta yi. 'Ya'yansa sun tafi kasuwa, tsoho shi kaɗai yana fama da fartanya. Bai ma kira ba. Da ya ga farar rigar ɗaga hannu ya yi.

"Wuce abinka, Hananiya, kada ka makara ibada."

"Ga ni nan, Baba."

Shi ke nan, aikin kwana tara ya nutse har gwiwa. Kafin su toshe ɓarakar aka buga ƙarfen coci. Ya tsoma ƙafa a kanal don ya ɗauraye, ashe laka ta sami man kaɗanya sun ƙulla zumunci. Ya cusa ƙafar a takalmi haka nan ya zuba a guje.

Fada ya gama da mutum shida, ruwan daro bai ko sauya launi ba. Da ya iso na bakwai, Hananiya ya sunkuya ya raɗa masa, don Allah ya tsallake shi. Fada ya ƙi, ya ce a cire takalmi. Takalmin ya fito da wata ƙara da aka ji har bencin baya. Lai'atu ta ja ɗankwali ta rufe fuska.

Fada Abel ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya zaro ganyen albasa daga tsakanin yatsu ya tambayi inda aka samo shi. Hananiya ya faɗa, kansa a ƙasa. Fada ya naɗe hannun riga ya ce a kawo soso da sabulu.

"Shekara goma sha huɗu ina jiƙa ƙafafu. Yau zan wanke."

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, kaushin da ke kāre tafin ƙafar nan Lai'atu ta goge shi tas. Soso yana taɓawa cakulkuli ya kama bawan Allah. Ya cije leɓe, ya riƙe benci, bencin ya fara rawa da mutum sha biyu. Da soso ya shiga tsakanin yatsu sai dariya ta ƙwace masa, siririya irin ta yara. Katikis ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska bai iya ba. Matan zumunta suka kife kan juna, Fada da kansa kafaɗunsa suna girgiza, amma bai saki ƙafar ba sai da ta fita fes. Lai'atu ta sauke ɗankwalin, tana dariya hawaye na zuba. Ba ta taɓa alfahari da shi kamar ran nan ba.

Sai dai ruwa ya ƙare ƙaf, ga mutum biyar suna jira. Hananiya ya zabura ba takalmi ya kai hannu ga bokiti, ya tarar wani hannu ya riga shi. Lucky ne, na takwas a layi, da hodarsa da komai.

"Zauna, Baba. Yau ni zan ɗebo."

Lucky ya fita haka nan ƙafa tsirara, ya bi ta cikin caɓin bakin famfo. Hananiya ya koma ya zauna, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ɗora su kan gwiwa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Can ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya a tsakiyar ibada ya ce wa Lucky ya tallafe bokitin ta ƙasa, mariƙin ya kusa cirewa.