Sistar Ɗakin Wankin Gyambo

Ƙarfe bakwai na safe Sista take buɗe ɗakin da ke ƙarshen barandar asibiti, wanda har ma'aikata ke toshe hanci in za su wuce. Ta jera kwanoni, ta yanka auduga, ta jawo 'yar kujera ta zauna gaban ƙafar mara lafiya. Shekara talatin da ɗaya tana haka.

Mahaifina aski yake yi, a tsaye yake wuni. Gyambo ya fito masa saman idon sawu, ya shekara biyu yana tsiyaya. Ba abin da ba mu shafa ba. Ranar da muka kai shi, Sista ta duba fatar da ta yi baƙi, ta taɓa kumburin.

Ta ce, "Baba, jini ne ke sauka ya kasa hawa, jijiyoyin da ke mayar da shi sama sun gaji. Ɗauri za mu yi. Ka riƙa ɗaga ƙafar in ka kwanta, ka riƙa ɗan tattaki."

"'Yata, ba allura?"

"Sai dai in marmarinta kake."

Ni na ɓata aikin. Baba ya koka da matsi, na kwance bandejin a gida, washegari na je na ɗaga mata murya gaban mutane, na ce mugunta ce. Ta ce, "Kawo shi in duba, in sassauta." Ban kai shi ba. Wata biyar muka ɗauke ƙafa. Da muka koma, ciwon ya kai faɗin tafin hannu. Ba ta tada zancen ba, ta ce, "Baba, miƙo."

Wata takwas tana wankewa tana ɗaurewa har fata ta haɗe. Baba ya koma shago da safar matsi. Ya sha ce min in je in ba ta haƙuri, ina cewa gobe, har ya rasu bara.

Sista, ke ce mai durƙusa wa ciwon da 'ya'ya ke kawar wa kai. Makon jiya na je, aka ce kin yi ritaya, ba taro ba jawabi. Mai sharar ɗakin ta ce a wata biyar ɗin nan da muka ɗauke ƙafa, duk Litinin sai kin ware bandejin Baba kin ajiye.

Ki yafe min. Na gode, Allah ya saka miki. Ku da kuka gaje ta, ku yi haƙuri da irina kamar yadda ta yi. Wanda kuma ake wanke wa mahaifinsa ciwo, ya je ya yi godiya yau, tun mai wankin yana bakin aiki.